Daren Nima: In Ka Sayar da Shanu, Ka Fita da Uwargida

 Yau hirarmu ta kwanon abinci ce, amma a ƙarƙashin kwanon akwai maganar aure.

Kai da ka ɗauko shanu daga Nijar ko Burkina, ka ratsa Paga, ka sauke su a karar Tulaku da ke Ashaiman, kwana nawa ka yi rabonka da gida? Da yawanku kun ajiye iyali a Nima ko Mamobi, cikin Akra, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara. To, ciniki ya faɗa, kuɗi sun shiga aljihu, sai ina? Sai majalisa. A ɗora buta, a sha ataya har tsakar dare, uwargida kuwa tana ɗaki tana jiran mutumin da ta yi wata guda ba ta gani ba. Gobe da asuba ka sake ɗaukar jaka. Haka aure ke yin sanyi ba tare da an yi faɗa ba.

A ƙasar Japan akwai wani irin gidan abinci da suke kira izakaya. Wuri ne mara tsada sosai, inda mutane ke zuwa bayan tashi daga aiki. Ana kawo abinci kaɗan-kaɗan a ƙananan faranti, kowa ya sa hannu, har da tsiren kaza da suke kira yakitori. Samari da 'yan mata da ma'aurata kan je can don hira. Sai dai giya ce ginshiƙin wurin, kuma naman alade na yawan shiga girkinsu. A Akra ma akwai gidajen abincin Japan a unguwannin masu hali. In ka shiga irinsu, ka tambayi abin da ke cikin miya kafin ka kai loma, ka kuma duba farashi kafin ka zauna.

Amma fa ɗan'uwa, abin da ke da amfani a tsarin nan kana da shi a ƙofar gidanka. Bayan isha'i ka fito babban titin Nima ka gani. Ga mai tsire da wutarsa, tsiren da mutanen Gana ke kira cicinga, da yajin ƙuli-ƙuli. Ga mai shayi yana soya ƙwai. Ga tuwo zafi da miyar ayoyo. Ga burkina mai sanyi, gero da nono, 'yar'uwar furarmu. In da rana kuka fita, ga wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har ya yi ja, a zuba masa shito, a ɗora wagashi, cukun da matan Fulani suka gwanance a kai. Duk wannan babu giya, babu shakka a nama.

Kada ka ji kamar baƙo a wurin. Nima ta samo asali ne daga shanu. A farkon shekarun 1930 wani Bafulatani, Malam Amadu Futa, ya samu filin daga iyalan Odoi Kwao, aka riƙa ajiye dabbobi a nan kafin a sayar. Masu sana'arka ne suka fara kafa bukka a unguwar.

Na san abin da za ka ce: "Ni in zauna bakin titi da matata? Abokai za su ce an shanye ni." To ji nan. Ba dole sai kan bencin da maza suka cika ba. Nemi wuri mai ɗaki da kujeru, mai haske, inda iyalai ke zama. In ita ce ke jin kunya, ku taka tare ku sayo, ku koma gida, yara su kwanta, ku ci a faranti ɗaya. Tafiyar ma hira ce.

Abu uku zan roƙe ka. Na ɗaya, kada ka fita da kuɗin shanu a aljihu, cunkoson dare ba ya rasa masu dogon hannu. Ɗauki 'yan sidin da za ku ci, sauran ka adana. Na biyu, ajiye waya. Dillali zai iya jira zuwa safiya. Tambaye ta yadda ta yi da kuɗin makaranta da haya da ba ka nan, ka saurara har ta gama. Na uku, mai mata biyu ya yi adalci: in ka fita da uwargida yau, ranar girkin amarya ita ma a fita da ita.

Saurayi mai neman aure a zango kuwa, ka fara gaida iyayenta su san da kai, ku tafi da ƙanwarta ko ƙawarta, ka mayar da ita gida da wuri. Zango ƙarami ne, kafin ka gama tsinke ɗaya labari ya kai gidansu.

Kana shayar da saniya ka ba ta dusa don kana son nononta. Wadda ta riƙe maka gida wata guda ta fi ƙarfin tsire na dare ɗaya, amma ka fara da shi. Allah ya kai ku gida lafiya, ya sa albarka a ciniki. Sai mako mai zuwa.