Dam Ɗin Challawa da Makomar Halittun Ruwa



Mu mutanen ƙasar Kano ba mu da teku, amma muna da ruwan da amanarsa ke wuyanmu. Kogin Challawa, wanda aka datse a ƙasar Karaye a shekarar 1992, yana haɗuwa da Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, su zama Kogin Haɗeja. Shi kuwa yana ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Watau abin da aka yi wa ruwa a Karaye da Rogo, masunci a Nguru yana ji a komarsa.

Ga yadda abin yake. Kifi irin su tarwaɗa da karfasa suna hayayyafa ne a lokacin ambaliyar damina, sa'ad da ruwa ya malala cikin fadama. Dam yana rage wannan ambaliya, kuma yana sakin ruwa har da rani. Da magudanai suka daina bushewa, sai ciyawar kachalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Bugu da ƙari, dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa yana kwarara cikin kogin ɗauke da guba.

Duniya ta san darajar wannan wuri. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru cikin jerin fadamun da Yarjejeniyar Ramsar ta 1971 take karewa, kuma tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su yi hunturu a can.

To, mene ne abin yi? Na farko, jami'o'inmu su riƙa auna ruwa da ƙidayar kifi a kai a kai, domin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tsara sakin ruwa bisa ilmi. Na biyu, a fassara sakamakon binciken da Hausa, a kai shi rediyo da makarantu. Na uku, a jawo sarakunan ruwa a jiki, gama su ne masunta ke jin maganarsu in an zo hana taru mai ƙananan idanu da zuba guba don kamun kifi.

Wanda ya kame 'ya'yan kifi bana, me zai kama baɗi? Allah ya ba mu ikon riƙe amana.