Hoto ba a koyonsa da kunne: jawabi ga matasa masu horon ɗaukar hoto

 

An ce in yi magana bisa yadda muke koyar da ɗaukar hoto, da dalilin da ya sa ƙungiya mai fafutukar haƙƙin ɗan ƙasa za ta ɓata lokacinta a kan kamara. Zan fara da dalilin, don in ba a gane shi ba, sauran duk wasa ne.

A shekara ta 2005, lokacin matsalar abinci, ƴan jarida na ƙasashen waje sun cika Maraɗi. Hotunan da suka fita duniya, na yara ne masu tamowa a hannun uwayensu. Ba ƙarya suka ɗauka ba, yunwar ta faru. Amma ga mutane da yawa a Turai da Amurka, wannan hoton shi ne Nijar gaba ɗayanta, har yau. Ba su ga ƴan kasuwar Maraɗi ba, ba su ga masu noman rani a bakin Gulbi ba, ba su ga albasar Galmi ana loda ta zuwa Abijan da Akra ba. Wanda ya riƙe kamara shi ya zaɓi abin da duniya za ta tuna da mu.

Ga na biyu. A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni a Damagaram, ginin da ke tsaye tun ƙarni na 19. Da yawanku kun ga bidiyon faɗuwarsa a salula. To ina tambaya: mu nawa ne muke da hotonsa mai kyau tun yana tsaye, ƙofofinsa, ginshiƙansa, dattawan da ke zama a inuwarsa? Faɗuwa kowa ya ɗauka. Shekarun da ya yi a tsaye, kaɗan ne suka damu. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. Abin da muke ganin zai dawwama, dare ɗaya yake tafiya.

Saboda haka muke wannan horo. Kuma ba mu yin sa da allo da alli kawai. Ba a koyon tuƙin kabu-kabu da karatun littafi, haka hoto. Kowane mako aiki ɗaya muke bayarwa, mutum ya fita ya yi, ya dawo mu zauna mu duba tare. Bari in bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, don waɗanda ba su samu wuri a ajin ba su iya yi a fadarsu.

Aikin farko, babu salula a ciki sam. Kwali muke nema, irin na sabulu ko na taliya. A huda gefe guda da allura, a yanke ɗaya gefen a manna farar takarda mara kauri, a toshe duk wata kafa da haske zai iya shiga. Sai mutum ya lulluɓe kansa da baƙin zane, ya juya hudar wajen titi. Abin da yake gani a takardar, titin ne, amma a kife: bishiya kai ƙasa, mai tafiya ƙafafu sama. Duk ajin da muka yi wannan, sai an yi salati an yi dariya. Dalilin kuwa, haske a miƙe yake tafiya. Wanda ya taso daga kan bishiya, in ya ratsa ƴar huda, ƙasa yake sauka. Na gindinta ya hau sama. Malamin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin wannan shekara kusan 1000 da suka wuce. Kamarar salularku wannan kwalin ne, an dai ƙara masa gilashi da ƙwaƙwalwa.

Daga nan sai mu ce a faɗaɗa hudar da ƙusa. Hoton ya ƙara haske, amma ya dushe. Kun ga darasin da wasu ke biyan kuɗi su ji, kun gan shi da idonku: ƙofar haske in ta buɗe, akwai abin da ake samu, akwai abin da ake rasawa. Gani ya kori ji.

Aiki na biyu, abu ɗaya, yini ɗaya. Ka ɗauki buta ko turmi ko tulu, ka ajiye shi a tsakar gida, kada ka motsa shi. Ka ɗauke shi hoto bayan sallar asuba, da hantsi, da tsakar rana, da la'asar sakaliya, da magariba. Hoto biyar, wuri ɗaya kake tsayawa. In ka jera su, za ka ga kamar tulu biyar ne. Na tsakar rana shi ne mafi muni: rana a tsakiyar kai, inuwa baƙa ƙirin, launi ya ƙone. Na safe da na yamma, hasken daga gefe yake zuwa, har zanen jikin tulun sai ya fito. Na magariba kuma za ka ga kamar an watsa masa yashi, domin haske ya yi kaɗan, salula tana ƙoƙarin ƙarawa da kanta; in hannunka ya ɗan girgiza ma, hoton ya jagule, saboda ta daɗe da ido a buɗe. Lokacin hazo kuwa, ku gode Allah. Ƙurar da ke sa mu tari, ita ce ke tausasa haske, fuska ta fito lumui ko da rana ta take. Sai dai a riƙa goge idon kamarar da ƙyalle mai laushi, don rabin hotunan da ake cewa salula ce ba ta da kyau, maiƙon yatsa ne da ƙura.

Aiki na uku shi ne fuska, kuma nan ne wasa yake ƙarewa. Ka'ida ta farko: mutumin da ba ka sani ba, ka yi masa sallama, ka faɗa masa ko kai wane ne, me za ka yi da hoton, ina zai je. In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, ka nuna masa bayan ka ɗauka. Wasu ɗalibai sun fi jin tsoron wannan sallama fiye da duk sauran ayyukan, amma ita ce rabin sana'ar.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu baƙaƙen fata. Ka tsayar da dattijo cikin farar riga a rana, salula za ta auna hasken rigar, fuskar ta koma duhu. Maganin ba tsada. Ka kai shi bakin zaure, yana cikin inuwa yana fuskantar waje. Ka taɓa fuskarsa a gilashin salula don ta auna haske daga nan. In gefe ɗaya ya yi duhu, abokinka ya riƙe farin zane ko murfin kwano ya maido masa haske. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana da zanen atamfa a baya. Yau manyan gidajen tarihi na duniya suna ajiye da hotunansa. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, samari da ƴan mata ya riƙa bi wurin rawa da bakin kogi, har ya samu babbar kyautar baje kolin Venis a 2007. Mu ma nan Yamai muna da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar matasan birnin a shekarun 1960 da 1970. Ba wanda ya je nesa neman abin ɗauka. Mutanen unguwa ne suka ɗauka, da mutunci.

Aiki na huɗu, sana'a ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, da hoto goma kacal. Goma fa, ba a gogewa, ba a ƙarawa. Masu kamarar da, fim ɗinsu hoto 36 yake ɗauka, kowane ɗaya kuɗi ne, shi ya sa suke tunani kafin su danna. Mu yanzu sai mu danna ɗari ba mu kalli ko ɗaya ba. Ka zaɓi majemi, ko mai ƙuli-ƙuli, ko mai gyaran taya, ko mai dakan fura. Ka zauna wurinsa awa guda salula na aljihu, ka ga yadda aikin ke tafiya. Sannan ka ɗauki wurin daga nesa, ka matso ka ɗauki mutumin da aikinsa, ka ƙara matsowa ka ɗauki hannunsa kaɗai. Da ƙafa ake matsowa, ba da jan hoto da yatsu biyu ba, domin a yawancin salulolinmu jan nan yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi. A nan ƴan matanmu sun fi samari sa'a. Gidan da aka rubuta "ba shiga", su suna shiga. Matan da ke tatsar man gyaɗa, masu kitso, masu saƙar faifai, rabin tattalin arzikin garin nan a bayan katanga yake, kuma in ba ku kuka ɗauka ba, da yardar masu gidan, ba wanda zai ɗauka.

Aiki na biyar shi ya haɗa mu da aikin ƙungiya. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya a unguwarsu da ke damun mutane: lambatun da ya toshe, famfon da mata ke kwana a layinsa, jujin da ya ci rabin hanya, ajin zana da damina ke tarwatsawa. Ka ɗauke shi daga wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowane mako. Ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta wuri, rana, da abin da ake gani, ba zagi, ba ƙari. In ka je ma'aikatar magajin gari da baki kawai, za a ce an ji. In ka ajiye hoto takwas a jere masu kwanan wata, ana ganin ruwa yana hawa katanga mako bayan mako, maganar ta canza. Amma sharaɗin shi ne gaskiya. Kada ka tara shara da hannunka don hoto ya yi zafi. Kada ka ɗauko hoton ambaliyar wata ƙasa ka ce unguwarku ce. Ranar da aka kama ka da ƙarya ɗaya, hotunanka na gaskiya duka sun mutu, kuma ka ja wa ƴan uwanka.

Bayan kowane aiki muna zaman dubawa. Mai hoto ba ya magana da farko, sauran ne ke faɗin abin da suka gani. In ka ɗauki mai shayi, mutane suka ce sun ga falwayar wuta ta tsiro masa a ka, to falwayar ka ɗauka. Ba a cewa "ya yi kyau" a yi shiru. Sai an faɗi me ya yi, me zai gyaru. Da farko akwai mai fushi, daga baya kowa da kansa yake neman a duba masa.

Yanzu iyaka. Almajiri da kwanonsa, mara lafiya a asibiti, wanda ya yi hatsari a titi, gawa: waɗannan ba kayan neman yabo a Facebook ba ne. Yaro ba ya iya ba da izini, sai babbansa. Ka tambayi kanka, in ƙanenka ne, za ka so a watsa shi haka? Barikin soja, shingen jami'an tsaro da makamantansu, ku nisance su da kamara, halin da ƙasa ke ciki kun san shi. Kuma tun 2019 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, ɓata sunan mutum a waya yana kai mutum gaban alƙali. Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani a kan hoto, kuma akwai gidajen da ba su so. Wanda ya ƙi saboda aƙidarsa, haƙƙinsa ne, ba gardama za ka tsaya yi ba.

Iyaye suna tambayata, shin abin nan yana ciyar da mutum? Ba zan yi muku alkawarin arziki ba. Akwai aikin biki da suna, akwai hoton takardu, akwai teloli da masu turare da masu sayar da atamfa da ke neman hoton kayansu don kasuwar WhatsApp. Masu yi suna da yawa, kuma wanda ya san haske, ya cika alkawari, ya kai aiki ranar da ya faɗa, shi ake sake kira. Ku fara da salular da ke hannunku. Babbar kamara ta jira har aiki ya saye ta.

Abu na ƙarshe, ajiya. Hoton da ke cikin salula kaɗai, yana hannun ɓarawo da ruwa da mai gyara. Ku ajiye a wuri biyu, katin ajiya da kwamfuta ko intanet. In za ku tura ta WhatsApp, ku tura a matsayin takarda, in ba haka ba yana matse hoton ya rage masa kyau. Waɗanda suka fi muhimmanci ku wanke su a takarda, ku rubuta suna da shekara a baya.

Ga aikin wannan mako, na ƴan aji da na waɗanda za su karanta a shafi. Ku je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku. Ku gaishe shi, ku nemi izini, ku zaunar da shi bakin ƙofa bayan la'asar, ku ɗauki hoto uku. Sannan ku tambaye shi ko akwai tsofaffin hotuna a ƙasan akwati, ku shimfiɗa su a inuwa ku ɗauke su ɗaya-ɗaya, ya faɗa muku sunayen mutanen ciki, ku rubuta. Ranar Asabar mai zuwa kowa ya zo da nasa, mu zauna mu duba.