Rihlar Neman Ilmi a Lokacin Dogon Hutu



Abin da aka umurce ni in yi bayani a kansa yau shi ne wata al'ada da ta kafu a jami'o'in Amurka, inda ɗalibin da ya riga ya sami digiri na farko, yana neman na biyu ko na uku, yakan bar ƙasarsa idan an rufe makaranta daga watan Yuni zuwa Agusta, ya nufi wata ƙasa da niyyar cim ma buƙatu uku a tafiya guda: ya koyi harshen mutanen wurin, ya zauna a wata ma'aikata ko asibiti ko ƙungiya yana koyon aiki a hannun ma'abotansa, sa'an nan ya fara tattara hujjojin da zai gina kundin bincikensa a kansu.

Siyasa ce ta raini wannan al'ada. Sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, a shekarar 1957, sai hankalin mahukuntan Amurka ya tashi, har majalisarsu ta zartar da dokar ilmi domin tsaron ƙasa a 1958, wadda a cikinta aka keɓe kuɗi don koyar da harsunan da ba a saba karantawa a can ba. Kuma albarkacin wannan doka ne irin su Hausa da Suwahili suka sami gindin zama a jami'o'i kamar Wisconsin da Indiana. A 1967 aka buɗe cibiyar koyar da ɗalibansu Larabci mai zurfi a Alƙahira, a 2006 kuma ma'aikatar harkokin wajensu ta fito da wani tallafi na aika ɗalibai su yi kimanin mako takwas a ƙasar da ake magana da harshen da suke nema. An kuma yi wani tallafin karatun harshe mai suna FLAS, wanda sharaɗin da aka gindaya wa mai karɓarsa a lokacin hutu shi ne karatu na aƙalla mako shida, da sa'o'i 140 a gaban malami idan bai yi nisa a harshen ba. Wasu shirye-shiryen ma sukan sa ɗalibi ya sa hannu a kan alkawarin ba zai furta Ingilishi ba har a tashi, bisa sunnar kwalejin Middlebury, wadda ta fara makarantar harshe ta lokacin hutu a 1915.

Mu dai rihla ba baƙuwarmu ba ce. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya. Imamu Shafi'i ya zauna cikin ƙabilar Huzailu a ƙauye har ya ƙware a fasahar Larabci daga bakin masu ita. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Bambancin kawai shi ne magabata ba su da ranar komowa sai buƙata ta biya, shi kuwa ɗalibin yau tikitin dawowarsa yana aljihunsa tun ranar da ya tashi.

To, a nan ne ra'ayina yake, kuma ina faɗinsa ba da kwana-kwana ba: wata biyu ba ya ɗaukar buƙatu uku daidai wa daida, don haka wajibi ne a fifita ɗaya, kuma wadda ta cancanci fifiko ita ce harshe, domin sauran biyun a kanta suka dogara. Ku dubi ɗalibin da ya sauka wani ƙauye yana binciken yadda ake rabon gonar gado, alhali bai iya komai ba sai gaisuwa. An shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kunna rakoda, ya yi tambaya ta bakin tafinta, dattijo ya gyara zama, ya ɗauko zance tun daga kakansa, ya ambaci shekarar fara, ya kawo sunan alƙalin da ya yi hukunci, ya sassauta murya da ya zo kan rigimar da ta raba shi da ƙaninsa, da ya gama sai tafinta ya juya ya ce wa baƙo, “Ya ce bisa shari'a suke rabawa.” Ɗalibi ya rubuta, ya koma gida da zaton ya yi tahƙiƙi, alhali ilmin duk ya zube tsakanin bakin dattijo da kunnensa. Malaman hadisi da suka tsananta a kan isnadi sun san cewa kowane mutum da ya shiga tsakaninka da mai magana ƙofa ce ta ragi ko ƙari. Ku kwatanta wannan da aikin Mary Smith, wadda ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta da Hausa, har littafin ya fito a 1954, kuma har yau masana ba su daina komawa gare shi ba.

Akwai kuma abin da masu tsara tafiyar sukan manta, wato hutun nasu ya faɗo ne a tsakiyar daminarmu. Mai son ganin manomi a watan Yuli sai dai ya bi shi gona da sassafe, ko ya jira shi bayan la'asar yana a gajiye. Wanda ya fahimci haka ya ɗauki fartanya ya shiga kunya tare da mutane, shi ne yakan ji abin da ba a faɗa a zaure. Amma zancen koyon aiki a ma'aikata, fa'idarsa a wurina ita ce yana ba baƙo dalilin zama cikin jama'a kullum, yana jin harshe yadda ake sarrafa shi a wurin sana'a. Sharaɗinsa kuwa shi ne kada ya zama nauyi a kan masu masauki, kuma duk abin da ya rubuta a kansu ya aiko musu da shi cikin harshen da za su iya karantawa, domin wannan haƙƙi ne.

Yanzu bari in juyo gida. Gwamnatin Nijeriya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala a 1992, bayan da aika ɗalibai waje ya gagara saboda tsadar kuɗin musaya, kuma an amfana da su. Sai dai an gina su ne domin masu digiri na farko a fannin harshe. Mai rubuta kundi a kan tarihin Katsina da Maraɗi, ko cinikin Kano da Damagaram, ko kiwo a bakin Tafkin Chadi, sau da yawa rabin hujjojinsa suna cikin Faransanci a tsallaken iyaka, shi kuwa bai taɓa taka Yamai ba, inda Jami'ar Abdou Moumouni take da taskar rubuce-rubucen Larabci da ajami. Tafiyar nan ba ta buƙatar jirgin sama.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantun gaba da digiri da ke zaune a nan su ƙulla yarjejeniya da takwarorinsu na Nijar da Kamaru da Chadi, a riƙa musayar ɗalibai a dogon hutu, a shekarar farko harshe zalla, a ta biyu aiki da bincike, kuma a sanya kuɗin wannan tafiya cikin kasafin kowane sashe tun daga zangon karatu mai zuwa.