Jawabin Shugabar Zumuntar Mata a Ranar Jubili



A 1921 James Gribble ya kafa tashar mishan a Bassai. Daga irin nan ne zumuntar Matan Bishara ta tsiro, mu kuwa ƙaramin reshenta ne a Bangi, dab da Kilomita Biyar.

Ran Talata mukan taru domin karatun Littafi Mai Tsarki da koyon ɗinki. Ran Alhamis mukan kai wa marasa lafiya kunu da sabulu. Ran Lahadi kowace mace takan kawo kwanon garin rogo domin gwauraye da marayu.

Sa'ad da faɗa ya tashi a Disamba 2013, Kirista suka gudu daga unguwar, Musulmi suka rasa hanyar fita, kasuwa ta mutu. Fasto Nicolas Guerekoyame da Akbishop Nzapalainga da Liman Kobine Layama suka yi ta yawo tare suna roƙon salama. Namu rabon kuwa shi ne kwanon kunu, gama ba a tambayar maraya addininsa kafin a ciyar da shi.

Ina roƙonku kada tsoro ya hana kowa zuwa ran Alhamis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya ƙarfafa mu. Amin.