Jawabi Kan Aika Sandunan Fatsa



Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, da ta Rusairis a 1966, kamun kifi ke ciyar da gidaje da yawa daga Mai Wurno har Damazin. Masunta na jiran sandunan fatsa daga hannunmu. Sanda ɗaya in ta karye a hanya, ta cinye ribar sauran, ta kuma bar rigima tsakanin mai aikawa da mai karɓa.

Don haka mu zura sandunan cikin bututun roba na ruwa, wanda ya ɗan fi su tsawo. Mu naɗe kan kowace sanda da tsumma, don nan ne ya fi rauni, sannan mu toshe bakin bututun biyu. Ƙugiyoyi da zare su tafi a kwali daban. Kwali kaɗai ba ya jure nauyin buhunan riɗi a bayan lori.

Wajen zaɓen mai kaiwa, kada arha ta ruɗe mu. Mu tambayi tsawon da yake karɓa, da abin da zai biya in kaya sun lalace. Mu karɓi rasit mai lambar mota da wayar direba. Kayan da za su tsallaka Gallabat zuwa Matama, a rubuta adadinsu da kuɗinsu saboda kwastan. Mai karɓa ya buɗe a gaban direba kafin ya sa hannu. In babu rasit, ƙungiya ba ta da hujjar bin haƙƙin kowa.

Allah Ya sa wa kasuwancinmu albarka, amin.