Jawabi a Kan Yadda Aka Yanka Wajen Kano

 Maganar yau a kan iyaka ta ke, watau layin nan da mai safiyo ya kan ja a bisa takarda, ya naɗe kayansa ya tafi, ya bar mutane da zama a cikinsa.

Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin 1903, sun tarad da birni a cikin ganuwarsa, ga kuma Fagge a bakinsa, inda ayarin Azbinawa ke sauka tun zamanin da. Suka bar birni a hannun Sarki Abbas da alƙalansa, su kuwa suka zauna gabas, wajen Bompai da Nassarawa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai baƙi suka yi ta ɓullowa, akawuna da masu gyaran inji da 'yan kasuwa daga Ikko da sauran ƙasashen kudu, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari, tituna a miƙe, kowane fuloti da lambarsa. Kwarori kuwa aka ba su wuri kusa da Fagge.

Cikin 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar garuruwa, ta kasa su aji uku. Ikko kaɗai ce aji na ɗaya, wajen Kano ya faɗa na biyu. Ƙa'idar ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da gidajen 'yan ƙasa, ba mai gini a ciki, wai don tsoron sauro da gobara. Amma fa kuku da boyi a bayan gidan Bature su ke kwana, sauro kuwa ba wanda ya koya masa awon yadi.

Nauyin wannan rabo a ɗakin shari'a ya fi bayyana. Birni da Fagge na Sarki ne, Sabon Gari kuwa na Joji ne, Baturen da ke riƙe da waje. To, in mutumin birni yana bin ɗan Sabon Gari bashi, kafin a tambayi nawa ne kuɗin sai an tambayi inda wanda a ke ƙara ya ke kwana, domin makwancinsa shi ke nuna kotun da za ta ji maganar. Talaka ya kan yi sammako zuwa gaban alƙali, a ce masa ba nan ba ne, ya juya da rana tsaka ya nufi inda ba ya jin harshen da a ke shari'a da shi. Da yawa suka haƙura da haƙƙinsu saboda wannan kai da kawowa. Giya ma haka, abin da ya ke laifi a cikin ganuwa an ba shi lasin a bayanta.

Ruwa ne ya fara ƙetare iyakar. Cikin 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin famfo na Challawa da kuɗin Baitulmalin Kano, bututu ya ratsa birni da waje bai tambayi kowa asalinsa ba. Sa'an nan cikin 1940 aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, aka bar masa kotu ta gauraye wadda wakilan ƙabilun wurin ke zama a ciki. Wannan gyara ne na gaske, sai dai ya zo a makare, gama shekara ashirin da bakwai sun isa yaro ya girma a titin da ke kallon ganuwa bai taɓa ɗaukar kansa Bakano ba.

En'e kanta ta kau cikin 1976, ƙananan hukumomi suka gaje ta. Yau Sabon Gari a cikin ƙaramar hukumar Fagge ya ke, titunansa kuwa suna nan a miƙe yadda aka ja su tun farko.