MAGANIN IDO MAI AIKI SANNU A HANKALI
Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya

 

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ta ido, musamman ciwon da ake kira hawan jinin ido, wanda likitoci ke ce wa gilokoma. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa da ke shiga yana fita kullum. Idan hanyar fitarsa ta cushe, sai ya taru ya matse jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan kaɗan. Yawanci ba zafi, ba ja. Gani yakan fara tafiya ne daga gefe, shi ya sa mutum ba ya farga sai abu ya yi nisa. Kuma ba kamar yanar ido ba ne da ake cirewa a dawo da gani. Abin da wannan ciwo ya ci ya tafi ke nan.

Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da shi, kuma mafi yawansu ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Shi ne na biyu wajen jawo makanta bayan yanar ido.

To, maganin da aka fi sani shi ne na ɗigawa, kullum, har ƙarshen rayuwa. A nan wahalar take. Da farko, ido ƙaramin mazubi ne, ɗigo ɗaya ma ya fi ƙarfinsa. Wani ya gangaro kan kumatu, wani ya bi ta 'yar ƙofar hawaye ya sauka hanci da maƙogwaro, shi ne ɗacin nan da kuke ji. Abin da ke ratsawa cikin ido bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Na biyu kuma, halin rayuwarmu. Mai goro ya bi mota zuwa Arewa kwana huɗu, kwalba tana gida. Mai shanu ya yi asubanci zuwa kara ya manta. Tsoho hannunsa na rawa, ya zubar da rabi a ƙasa. Wani kuma kwalba ta ƙare, ya ce sai ciniki ya buɗe. Shi kuwa ciwon ba ya hutun kasuwa.

Wannan ne ya sa masana suka nemi dabarar da za a sa magani sau ɗaya ya riƙa fita da kansa. Ku ɗauki misalin mai lambu da ya huda gindin gora, ya cika ta da ruwa, ya ajiye a gindin shuka. Ruwan bai da yawa, amma ba ya yankewa, ya fi a kwara bokiti guda a tafi.

An fara tun 1974 a Amurka da wani ɗan siririn abu mai suna Ocusert, da ake sa wa a ƙarƙashin fatar ido ya yi mako guda yana sakin magani. Yakan faɗo, yakan dami wasu, daga baya aka daina shi. A 1996 aka fito da Vitrasert, wanda a da aka riƙa ɗinkewa a cikin ido domin masu ƙanjamau da wata ƙwayar cuta ke cinye musu gani. Ya kasance yana yin wata 5 zuwa 8. A 2009 aka amince da Ozurdex, ɗan sanda da bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba, ana tura shi can bayan ido da allura, ya yi 'yan watanni yana aiki sannan ya narke. A 2014 Amurka ta amince da Iluvien domin kumburin bayan ido da ciwon sukari ke kawowa. Tsawonsa milimita 3 da rabi, amma yana kai shekara 3.

Na hawan jinin ido da ake dasawa a cikin ƙwayar ido sun zo daga baya. Durysta ya fito a 2020, ana sa shi a gaban ido ya narke a hankali. A ƙarshen 2023 kuma aka amince da iDose TR, 'yar mitsitsiyar batta ta ƙarfe da likita ke kafawa a cikin ido, an tsara ta ta kai har shekara 3.

Amma 'yan'uwa, kowane kaya da aibinsa, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sani. Ozurdex da Iluvien suna ɗauke da irin maganin kumburi da ake kira sitiroyid, wanda yakan hau da matsin ido ya kuma gaggauta yana. Durysta sau ɗaya aka yarda a sa wa kowane ido, don maimaitawa na iya lalata gilashin gaban ido. Ɗigo idan bai karɓe ka ba sai ka daina. Abin da aka dasa ciki kuwa ba ka da ikon tsayar da shi da kanka. Ga tsada, ga shi sai ƙwararren likitan ido, kuma ba kowane asibiti ke da su ba. Ko an sa maka, zuwa awo bai faɗi a kanka ba.

Saboda haka, kafin irin waɗannan su wadata a wurinmu, mu ne za mu zama gorar mai lambu. Ga abin da nake roƙo.

Na ɗaya, duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna masa matsin ido a duba jijiyar gani, balle idan akwai makanta a dangi, ko yana da ciwon sukari. Ba sai an jira tafiya gida Arewa ba. Asibitocin koyarwa na nan kudu suna da sashen ido.

Na biyu, mai ɗigawa ya tsayar da lokaci ɗaya kada ya saɓa, ya haɗa shi da wani abin da ba ya mantawa. Ɗigo ɗaya ya isa. Bayan ya ɗiga, ya rufe ido ya danne kusurwar da ke kusa da hanci da yatsa minti biyu, don kada maganin ya gudu. Idan kwalba biyu ce, a bar minti biyar tsakani. Za ka yi tafiya, kwalba ta shiga aljihu tare da kuɗin mota. A sayi sabuwa tun tsohuwa ba ta ƙare ba.

Na uku, mu daina sayen maganin jan ido a kemis ko a hannun masu talla ba da takardar likita ba. Da yawansu na ɗauke da sitiroyid ɗin nan, kuma daɗewa ana ɗiga shi yana haifar da wannan ciwo ga mai lafiya, har da yara.

Na huɗu, ina ba shugabanni shawara a ware wani abu daga asusun taimako domin dattawan da maganinsu ya ƙare, a kuma sa matasa su riƙa ɗiga wa waɗanda hannunsu ke rawa. Kuɗin kwalba ya fi sauƙi a kan yaron da za a cire daga makaranta ya zama ɗan jagora.

 Allah Ya tsare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.